Yadda Ake Saita Sabar Imel Ta Ƙi Karɓar Saƙon Da Ya Wuce Kima

Aikin kansa layi ɗaya ne a cikin fayil ɗin saiti. Amma sau da yawa ana kirana in duba sabar da mai ita ya rantse ya rubuta wannan layin, sai in tarar ko dai manyan saƙonni suna shiga yadda suka ga dama, ko kuma an toshe har da ƙananan da ya kamata su wuce. Dalili kuwa shi ne saƙon imel ba ƙofa ɗaya yake bi ba, kuma kowace ƙofa da nata ma'aunin. Abin da nake so ka cimma shi ne sabarka ta ce "a'a" tun saƙon yana bakin ƙofa, mai aikowa yana kan layi yana jin amsa, ba wai ta karɓa ta ajiye sannan daga baya ta mayar ba. Duk matakan da ke ƙasa don wannan aka yi su.

Zan yi bayani da Postfix, manhajar sabar imel, a kan Linux, don ita na fi aiki da ita. Masu Exim da Sendmail suna da nasu kason can ƙasa.

Abubuwan da za ka tanada

Izinin root a kan sabar, ko damar amfani da sudo. Tagar umarni guda biyu a buɗe: ɗaya ta aiki, ɗaya ta kallon kundin da sabar take rubuta abin da ke faruwa. Manhajar telnet ko nc don yin magana da sabar kai tsaye, da openssl don ƙofofin da ke buƙatar ɓoye bayanai. Manhajar swaks idan akwai hali, tana sauƙaƙa gwaji sosai. Idan babu, manhajar imel ɗinka ta yau da kullum za ta wadatar. Sai akwatin imel ɗaya na gwaji a kan sabar, wanda ba na kowa ba ne.

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayilolin saiti ka ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

cp /etc/postfix/main.cf /etc/postfix/main.cf.tsoho
cp /etc/postfix/master.cf /etc/postfix/master.cf.tsoho

Ɗan abin da ya kamata ka sani tukuna

Idan wata sabar za ta kawo maka saƙo, gaisuwa take fara yi da kalmar EHLO. Sabarka ta amsa da jerin abubuwan da take iya yi, a cikinsu akwai layin SIZE tare da lamba, wato mafi girman saƙon da za ta karɓa a lissafin bayit. Wannan tsari yana cikin ƙa'idar RFC 1870 ta shekarar 1995. Mai aikowa mai bin ƙa'ida idan ya ga saƙonsa ya fi wannan lamba, ba zai ma fara turowa ba. Ko kuma ya faɗi girman saƙon a layin MAIL FROM, sabarka ta ce masa 552, magana ta ƙare ba a ɓata layin intanet ba. Wanda bai faɗi girman ba, ko ya faɗi ƙarya, shi kuma sai a lokacin da yake zubo saƙon za a kama shi: Postfix tana ƙirga abin da ke shigowa, idan ya haura iyaka ta ba shi 552 a ƙarshe ta jefar da abin da ta karɓa.

Amsar da ta fara da 5 tana nufin kar ka sake gwadawa. Wadda ta fara da 4 tana nufin ka dawo anjima. Ka riƙe wannan bambancin, za mu sake haɗuwa da shi.

Mataki na 1: Duba inda kake yanzu

postconf message_size_limit mailbox_size_limit virtual_mailbox_limit

Idan ba a taɓa canza komai ba, message_size_limit zai nuna 10240000. Sauran biyun asalinsu 51200000 ne, sai dai Debian da Ubuntu sukan rubuta mailbox_size_limit = 0 a cikin main.cf lokacin girkawa. Umarnin postconf -d yana nuna saitin asali, postconf -n kuma yana nuna abin da ke rubuce a main.cf kawai. Masu koyo sukan rikita su, su duba -d su ce canjin da suka yi bai zauna ba. Ba zai taɓa bayyana a can ba.

Sai ka duba master.cf ko wani ya riga ya sa iyaka ta musamman a wata ƙofa:

grep -n size_limit /etc/postfix/master.cf

Duk abin da ka gani a nan ya rinjayi na main.cf a wannan ƙofar. Rabin sabobin da aka ce mini "sun ƙi jin magana" a nan matsalarsu take kwance.

Mataki na 2: Zaɓi lamba, kuma ka yi lissafinta da kyau

A nan aka fi yin kuskure, saboda haka zan ɗan daɗe.

Girman fayil a kwamfutarka daban, girmansa a cikin imel daban. An gina imel ne don ɗaukar rubutu, don haka hoto ko bidiyo ko takardar PDF sai an mayar da su haruffa kafin su bi hanya. Tsarin da ake amfani da shi sunansa base64: kowane bayit 3 yana komawa haruffa 4, sannan bayan kowane haruffa 76 a saka alamar sabon layi mai bayit 2. Idan ka haɗa, fayil yana kumbura da kusan kashi 37 cikin 100. Fayil mai megabayit 10 zai zama kimanin 13.7 a hanya. Wannan ne ya sa iyakar asali ta 10240000 ba ta ɗaukar fayil mai megabayit 10. Abin da take iya ɗauka bai wuce bakwai da ɗoriya ba. Mai amfani zai zo maka da fushi yana cewa an gaya masa iyaka goma ce, ga nasa takwas ne an ƙi. Gaskiyarsa ce, gaskiyar sabar ce kuma. Laifin na wanda bai yi lissafi ba ne.

Saboda haka daga buƙatar mutane za ka fara. Wane girman fayil kake so ya wuce lafiya? Mu ce megabayit 20. Ninka da 1.37, ka sami 27.4. Ƙara ɗan sarari don rubutun saƙon da layukan kansa, ka tsaya a 30. Sai ka mayar da shi bayit: 30 sau 1024 sau 1024 ya ba da 31457280. Da wannan lamba zan ci gaba da misali.

Idan kana shakkar girman da ya dace, tambayi kundin sabar, ya fi kowa sanin abin da mutanenka ke turawa:

zcat -f /var/log/mail.log* | grep -o 'size=[0-9]*' | cut -d= -f2 | sort -n | tail -20

Wannan zai fito maka da saƙonni 20 mafi girma da suka wuce a 'yan makonnin nan. A dangin Red Hat sunan fayil ɗin /var/log/maillog. Idan babu ko ɗaya, kamar yadda ake samu a sababbin Debian da ba a girka musu rsyslog ba, maye gurbin ɓangaren farko da journalctl -t postfix/qmgr. Ka tuna dai waɗanda aka karɓa ne kawai ke cikin wannan jeri. Waɗanda aka kora sai ka neme su da kalmomin "exceeds fixed limit".

Sannan ka dubi waje. Gmail, misali, yana barin mutum ya maƙala fayil har megabayit 25, yana karɓar saƙo har 50. Idan ka sa taka iyakar ƙasa da haka sosai, saƙonnin mutanen kirki za su riƙa komawa. Idan ka kai ta 200, mutanenka za su tura abin da yawancin sabobin duniya za su ƙi karɓa. A ganina tsakanin 30 da 50 ya ishi yawancin ma'aikatu. Abin da ya fi haka ba aikin imel ba ne, a ɗora shi a ma'ajiya a tura mahaɗi.

Kar ka sa sifili. Sifili a wajen Postfix yana nufin babu iyaka ko kaɗan. Na taɓa gyara sabar wani ofis da aka yi wa haka don a huta da ƙorafi. Na'urar ɗaukar hoton takardu da ke ofishin tana tura abin da ta ɗauka ta imel, wani ya zuba mata kundi guda, ta tura wa mutane da yawa lokaci ɗaya. Kafin gari ya waye faifan ajiya ya cika, babu saƙon da ke shiga ko fita, har na albashi. Wunin ranar gaba ɗaya a share layin jira ya tafi.

Kar kuma ka matse ta fiye da kima. Ƙa'idar SMTP, wato tsarin da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna imel, ta RFC 5321 ta wajabta wa kowace sabar karɓar saƙo mai aƙalla kilobayit 64, kuma iyaka ƙarama sosai tana iya hana sanarwar rashin isar saƙo kanta shigowa, mutum ya zauna yana zaton saƙonsa ya isa.

Mataki na 3: Rubuta iyakar

postconf -e message_size_limit=31457280

Ya fi buɗe fayil da hannu, domin idan layin yana nan zai gyara shi, idan babu zai ƙara. Mai gyara da hannu yakan rubuta sabon layi a sama ya manta da tsohon a ƙasa, Postfix kuwa na ƙarshe take ɗauka.

Lamba zalla ake rubutawa. Babu 30M, babu 30MB, babu waƙafi tsakanin lambobi. Idan ka rubuta 30M za ka ga "bad numerical configuration" a kundi, ɓangaren da ke karɓar saƙo kuma ya ƙi tashi.

Mataki na 4: Daidaita iyakar akwati da sararin faifai

Dokar Postfix ce: mailbox_size_limit ba zai zama ƙasa da message_size_limit ba, sai dai idan sifili ne. Haka ma virtual_mailbox_limit. Da lambarmu ta 31457280 babu matsala, tana ƙasa da 51200000. Amma wanda ya zaɓi megabayit 50, wato 52428800, ya haura, kuma abin da zai biyo baya yana da ban haushi: sabar za ta ci gaba da karɓar saƙo kamar lafiya lau, amma ɓangaren da ke kai shi akwati zai riƙa mutuwa, saƙonni su taru a layin jira. A kundi za ka ga "mailbox_size_limit is smaller than message_size_limit". Maganinsa:

postconf -e mailbox_size_limit=0 virtual_mailbox_limit=0

ko ka sa lambar da ta fi ta saƙo. A nan sifili ba shi da haɗarin na ɗazu, matuƙar akwai wani abu da ke kula da rabon kowane akwati, kamar tsarin kason ajiya na Dovecot. Ka lura da irin akwatin da kake amfani da shi. A tsarin mbox duk saƙonnin mutum a fayil ɗaya suke, don haka 51200000 iyakar akwatin ne gaba ɗaya, manyan saƙonni biyu sun cika shi. A tsarin Maildir kowane saƙo da fayil ɗinsa, iyakar tana hawa kan saƙo ɗaya-ɗaya ne.

Sai sararin faifai. Postfix ba ta karɓar sabon saƙo idan sararin da ya rage a inda layin jira yake bai kai ninki ɗaya da rabi na message_size_limit ba. Da lambarmu, kimanin megabayit 45 ke nan. Idan bai kai ba, kowa zai sha amsar "452 4.3.1 Insufficient system storage", har mai saƙon layi biyu.

df -h /var/spool/postfix

Wannan ma wani dalili ne na guje wa manyan lambobi. Wanda ya sa gigabayit 2 don kawai kar a dame shi, ya ɗora wa kansa ajiye gigabayit 3 a banza kullum, ranar da suka ragu kuma imel ya tsaya cak. Wanda ya sa sifili shi kuma ya cire wannan kariyar ɗungurungum, sai fa idan ya saita queue_minfree da kansa.

Mataki na 5: Sanar da Postfix

postfix check
postfix reload

Idan na farkon bai ce komai ba, alama ce mai kyau. Bayan na biyun, dubi tagar kundi na ɗan lokaci, ka tabbata babu layin da ke ɗauke da "fatal". Ba sai ka kashe sabar ka kunna ba.

Idan sabar tana cikin aiki kuma gabanka na faɗuwa, kana iya sa soft_bounce = yes na ɗan lokaci. Yana mayar da duk amsar 5 zuwa 4, ta yadda ko ka yi kuskure mai aikowa zai sake gwadawa, saƙo ba zai salwanta ba. Amma ka cire shi kafin gwajin da ke tafe, kuma kar ka kwana da shi. Idan ka bar shi, sabar da ke ɗauke da saƙon da ya wuce kima za ta yi ta dawowa da shi kwana da kwanaki, a saitin asali na Postfix har kwana 5, mai saƙon kuma bai san komai ba.

Mataki na 6: Gwada da hannunka

telnet localhost 25

Idan ta gaishe ka da 220, rubuta:

EHLO gwaji.example.com

A cikin amsar nemi layin 250-SIZE 31457280. Idan tsohuwar lamba ka gani, ko dai ba ka yi reload ba, ko master.cf ya rinjaye ka, koma mataki na 1. Idan lambar daidai ce, yi wa sabar ƙaryar girma:

MAIL FROM:<gwaji@example.com> SIZE=40000000

Amsar da ake so ita ce "552 5.3.4 Message size exceeds fixed limit". Sake gwadawa da SIZE=1000000, ka ga 250. Sai ka rubuta QUIT.

Ƙofa ta 587, wadda mutanenka ke tura saƙo ta cikinta, sai da openssl:

openssl s_client -starttls smtp -connect localhost:587 -crlf -quiet

Sannan EHLO kamar ɗazu. Kar ka bar -quiet a baya. Idan babu shi, openssl yana ɗaukar layin da ya fara da babban R ko babban Q a matsayin umarni gare shi, sai ka rubuta RCPT ka ga layi ya rikice ka rasa dalili.

Wannan gwajin na mai faɗin gaskiya ne. Saura saƙo na gaske. Ƙirƙiri fayiloli biyu, ɗaya da ya kamata ya wuce, ɗaya da ya kamata a kora:

head -c 20M /dev/urandom > daidai.bin
head -c 25M /dev/urandom > babba.bin
swaks --server localhost --from gwaji@example.com --to akwati@example.com --attach @babba.bin --suppress-data

Sa adireshin akwatin gwajinka a gurbin na misalin. Kar ka manta da --suppress-data, in ba haka ba tagarka za ta cika da miliyoyin haruffa. Na megabayit 25 zai kumbura ya haura 34, dole a ƙi shi. Idan ba a faɗi girma tun farko ba, sai an gama zubo shi za ka ga "552 5.3.4 Error: message file too big", a kundi kuma "queue file size limit exceeded". Na 20 kuwa dole ya shiga, kuma ka buɗe akwatin ka gan shi da idonka. Mutane sukan gwada ƙin karɓa kawai su tashi, alhali gwajin wanda ya kamata ya wuce shi ne ke tona matsalar mataki na 4.

Idan babu swaks, maƙala fayilolin a Thunderbird ko wata manhajar imel ka tura.

Abu na ƙarshe a nan: maimaita gwajin EHLO daga wata na'ura da ke wajen cibiyarka. Akwai katangun tsaro da ke leƙa zancen SMTP suna shafe wasu layuka. Idan gaisuwar 220 ta zo maka cike da taurari, ko layin SIZE ya ɓace daga waje alhali yana nan daga ciki, katangar ce, a kashe mata binciken SMTP. Idan daga ciki ma babu shi, duba smtpd_discard_ehlo_keywords ko wani ya sa size a ciki. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe ƙofa ta 25 ga layukan gida, don haka idan ka kasa haɗuwa daga gida, gwada daga wata sabar.

Mataki na 7: Sauran ƙofofin da saƙo ke bi

Idan sabarka ita kaɗai ce, babu matatar saƙo, babu ta ko-ta-kwana, kana iya tsallake rabin wannan. Idan akwai su, nan ne ainihin aikin.

Fara da sabar ko-ta-kwana, wadda ke karɓar saƙo idan babbar ta faɗi, ko wata sabar tacewa da ke gabanka. Iyakarta dole ta zama daidai da taka ko ƙasa da ita. Ka ɗauka tana karɓar 50 kai kana karɓar 30. Saƙo mai 40 ya zo, ta ce 250 na karɓa, mai aikowa ya tafi. Ta kawo maka, ka ce 552. Yanzu saƙon ya zama kaya a hannunta, dole ta rubuta sanarwar rashin isarwa ta aika wa adireshin da ke kan saƙon. Idan saƙon banza ne, adireshin na jabu ne, sanarwar za ta faɗa kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan abin ya yawaita, adireshin sabarka ne zai shiga jerin waɗanda ake toshewa. Wannan shi ne bambancin ƙi a bakin ƙofa da mayarwa bayan an karɓa.

Irin wannan yana faruwa a cikin sabar ɗaya ma. Idan kana amfani da matata irin amavis, saƙo yana shiga Postfix, ya fita zuwa matata, ya dawo ta wata ƙofar ciki, galibi 10025. Matatar tana ƙara nata layukan a kan saƙon. Saƙon da ya shigo dab da iyaka zai dawo ya ɗan haura, ƙofar ciki ta ƙi shi bayan an riga an ce wa mai shi an karɓa. Hanyar da nake bi ita ce in sa ciki ya fi waje faɗi:

postconf -e message_size_limit=33554432
postconf -P smtp/inet/message_size_limit=31457280
postconf -P submission/inet/message_size_limit=31457280
postfix reload

Wato main.cf megabayit 32, ƙofofin waje 30. Zaɓin -P yana aiki daga Postfix 2.11 zuwa sama. A wadda ta girme ta sai ka buɗe master.cf, ƙarƙashin layin ƙofar ka rubuta -o message_size_limit=31457280, layin ya fara da sarari, kuma babu sarari a gefen alamar daidai. Mai amfani da postscreen ya sa shi ƙarƙashin layin smtpd pass, domin can ne ake karɓar saƙon.

Ka kula da alkiblar: babbar lamba a main.cf, ƙarama a ƙofa. Idan ka juya, ka ce ƙofa ta 587 ta karɓi 60 alhali main.cf yana 30, ƙofar za ta yi shelar 60, amma ɓangaren cleanup da ke rubuta saƙo a layin jira da lambar main.cf yake aiki, zai ƙi. Don haka mai son ma'aikatansa su tura wa juna manyan fayiloli fiye da abin da baƙi ke iya kawowa, ya ɗaga main.cf ya matse ƙofa ta 25.

Sai masu binciken ƙwayar cuta da saƙon banza, kowanne da iyakar abin da yake dubawa. A ClamAV duba StreamMaxLength da MaxFileSize a clamd.conf, a Rspamd duba max_message. Idan iyakarsu tana ƙasa da taka, manyan saƙonni ko su wuce ba a bincika ba, ko su maƙale, gwargwadon yadda aka saita. Na farkon ya fi ba ni tsoro, domin ba ya yin ƙara.

Idan mutanenka ta burauza suke tura imel, misali da Roundcube, akwai wasu ƙofofin kafin a iso Postfix. A PHP, upload_max_filesize asalinsa 2M ne, post_max_size kuma 8M. A nginx, client_max_body_size asalinsa 1m ne, wanda ya haura ya ga kuskure mai lamba 413. Waɗannan da girman fayil na ainihi suke aiki, kafin kumbura, don haka a misalinmu upload_max_filesize ya zama 20M, sauran biyun su ɗan ɗara shi. Roundcube ma yana da max_message_size nasa, daidaita shi da na Postfix. Amfanin haka shi ne mutum ya ji "ya yi girma" tun yana maƙala fayil, ba bayan ya gama rubuta doguwar wasiƙa ya danna turawa ba.

Idan ba Postfix kake da ita ba

A Exim sunan saitin ɗaya ne, message_size_limit, a babban sashen fayil ɗin saiti. Asalinsa 50M ne, kuma ita tana gane K da M, don haka message_size_limit = 30M ya isa. A Debian kar ka gyara fayil ɗin da aka haɗa da kansa. Rubuta MESSAGE_SIZE_LIMIT = 30M a /etc/exim4/exim4.conf.localmacros, ko a wani fayil da ke farkon /etc/exim4/conf.d/main idan saitinka rarrabe yake, sannan update-exim4.conf, sannan ka sake tayar da exim4. Tabbatar da exim4 -bP message_size_limit.

Sendmail ita asalinta babu iyaka, don haka mai ita ya fi kowa buƙatar wannan aiki. A sendmail.mc ƙara:

define(`confMAX_MESSAGE_SIZE', `31457280')dnl

Dubi alamomin da kyau, ta buɗewa daban take da ta rufewa. Sa layin sama da layukan MAILER, sake gina sendmail.cf da make -C /etc/mail, sannan ka sake tayar da ita. Lissafin mataki na 2 da gwajin mataki na 6 duk ɗaya ne a kowace sabar.

Idan ana son iyaka daban ga wasu mutane

Za a tambaye ka wannan ko ba jima ko ba daɗe: sashen zane yana son 50, sauran a bar su a 30. Postfix ba ta da wannan a cikin saitinta. Ana yi ne da manhajar yanke hukunci ta gefe, irin postfwd, a haɗa ta da check_policy_service. Sai dai akwai ƙulli. Ainihin girman saƙo ba a saninsa tabbas sai an gama karɓa, a matakin smtpd_end_of_data_restrictions, a lokacin kuwa amsa ɗaya ce tak ga duk waɗanda aka aiko wa. Saƙon da aka turo wa mutum biyu, ɗaya mai iyakar 50 ɗaya mai 30, ko a karɓa musu duka ko a ƙi musu duka. Bambantawa ta mai turawa ta fi sauƙi, tunda shi ɗaya ne. Ni dai shawarata ga mai farawa ita ce lamba ɗaya ga kowa, sashen zane kuma a ba su ma'ajiyar fayil.

Mataki na 8: Gaya wa mutane, sannan ka sa ido

Lambar da za ka faɗa wa masu amfani ita ce 20, ba 30 ba. Su girman fayil suke gani a kwamfutarsu, ba ruwansu da base64. Ka gaya musu jimillar duk abin da aka maƙala ake nufi, ba kowane fayil shi kaɗai ba, kuma saƙon da aka tura gaba yana tafiya da kayan da ke cikinsa. A cikin sanarwar ka nuna musu inda za su ɗora abin da ya fi haka, domin wanda aka hana ba a ba shi mafita ba, akwatinsa na kashin kansa zai koma yana tura takardun aiki.

Kar ka manta da na'urorin da ba sa magana: injin ɗaukar hoton takardu, manhajar da ke tura rahoto da dare, rubutun da ke aika kwafin ajiya ta umarnin sendmail. Su ma iyakar ta hau kansu, kuma ba za su zo su yi maka ƙorafi ba. Bayan mako ɗaya ka gudanar da wannan:

zcat -f /var/log/mail.log* | grep -E 'exceeds fixed limit|size limit exceeded|file too big'

Dubi adireshin da kowane layi ya fito. Idan baƙi ne jefi-jefi, bar lambar yadda take. Idan adireshi ɗaya ne daga cikin gida yake maimaituwa a lokaci ɗaya kowane dare, wata na'urarka ce take ta ƙoƙarin tura rahoton da ba ya isa, je ka rage mata ingancin hoto ko ka mayar da ita tana ajiyewa a ma'ajiya. Idan kuma abokan hulɗa na gaske ne ake kora kullum, koma mataki na 2 ka sake lissafi, ka bi ta mataki na 4 da na 7 kafin ka ɗaga lambar.